Galahanga: kafin a raba yaro da nono da burodi

Da zarar likita ya shaida wa iyaye cewa ɗansu na da lalurar galahanga, wadda ake kira autism a Turance, kafin sati ya zagayo wani ya turo musu jerin abubuwan da za su daina ba shi. Ban da burodi, ban da taliya, ban da madara da nono da yogot, ban da sukari. A ƙasan jerin kuma ga lambar mai sayar da ƙwayoyin bitamin 'yan Amurka, da garin "wankin hanji", da nonon raƙumi a gora. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka ban ga laifin uwar da ta karɓa ba. Mai miƙa takobin nake tuhuma.

Matsayina shi ne har yau babu wani abinci ko ƙwaya da aka tabbatar yana warkar da galahanga. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun a ciki, kuma babban binciken da aka buga a 2019 kan yara kusan miliyan 2 a ƙasashe 5 ya nuna gado ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na sababinta. Amma cikin yaro mai galahanga da abin da yake ci suna neman kulawa fiye da na sauran yara, kuma hayaniyar neman waraka ce ke sa a manta da wannan.

Tsarin hana alkama da madara ba daga sama ya faɗo ba. A wajajen 1979 zuwa 1990 wasu masana a Amurka da Nowe suka yi hasashen cewa hanjin waɗannan yara na yoyo, har gutsattsarin gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullin alkama danƙo, da sinadarin kasin na cikin madara su tsallaka jini su bugar da ƙwaƙwalwa kamar kayan maye. Hasashe ne mai daɗin ji. Da aka auna fitsarin yara da na'urori masu inganci, ba a ga gutsattsarin ba. A Jami'ar Rochester ta Amurka an yi gwajin da aka buga a 2016: yara 14 'yan shekara 3 zuwa 5 aka ɗora a kan tsarin sosai, sannan tsawon sati 12 ana ba kowane yaro ɗan abin taɓawa sau ɗaya a sati, wani lokaci da alkama a ciki, wani lokaci da madara, wani lokaci duka biyun, wani lokaci babu ko ɗaya, ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanne ne wanne ba. Ba a ga bambanci ba a hali, ko barci, ko bahaya. Akwai gwajin Denmak na 2010 mai yara 72 da ya nuna ɗan sauƙi, sai dai a can iyaye sun san abin da ɗansu ke ci, kuma wanda ya sha wahalar girki daban wata da watanni idonsa na neman sauƙi ne. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2013 kada a yi amfani da hana abinci don magance ainihin alamomin galahanga.

Yaran gwajin Rochester ba su da yawa, na yarda. Amma nauyin kawo hujja na kan mai cewa a hana, ba kan yaron da za a hana ba.

Ga abin da masu yaɗa tsarin a nan ba sa tsayawa su duba. An ƙirƙiro shi ne don yaron da karin kumallonsa burodi ne, abincin ranarsa taliya, na darensa kuma da cuku. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, babu gulutin a ko ɗaya. Yaron ƙauye da ya tashi da koko da tuwon dawa da miyar kuka tun haihuwarsa yake kan rabin wannan tsari, kuma galahanga ba ta tsallake ƙauye ba. Alkama a wurinmu tana shigowa ta burodi, biskit, taliyar leda, fanke, cincin, gurasa, funkaso, alkaki, semo, da ɗanwaken fulawa. Cire su ba zai kashe yaro ba, in dai ba su kaɗai yake ci ba. Matsalar ita ce sau da yawa su kaɗai ɗin yake ci.

Rabin na biyu, wato madara da nono, shi ne mai haɗarin. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 na buƙatar kimanin miligiram 700 na kalsiyam a rana, ɗan 4 zuwa 8 kuma 1,000. Kofi ɗaya na madara ko nono na ba da kusan 300. Likitocin da suka yi aiki a Jos sun buga a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe suka yi gwame ba rana suka rasa ba, kalsiyam suka rasa, domin abin da suke samu a abinci bai wuce miligiram 200 a rana ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashin ya warke fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma kusan kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya na da ƙarancin jini. A irin wannan wuri ka ɗauki yaron da dama abinci huɗu kacal yake yarda da su, ka cire masa fura da nono da shayin madara, ai garin neman ƙiba ne a samo rama.

Akwai yaran da lallai a cire musu wani abinci, ko suna da galahanga ko ba su da ita. Wanda alkama ke cinye masa bangon hanji, yana zawo mai maiƙo, ciki a kumbure, ba ya girma, ana gano shi da gwajin jini, kuma dole a yi gwajin tun yana cin alkamar, don in an riga an cire sakamakon zai fito lafiya ƙalau alhali ba haka ba ne. Wanda madara ke sa wa borin jini, ko amai, ko jini a bahaya, shi ma nasa daban ne. Waɗannan cuta ce ake magancewa mai suna, kuma yaron da ciwon ciki ya sake shi dole halinsa ya gyaru. Amma gwajin da ake aika gashi ko ɗigon jini waje a dawo da takarda mai jan layi a kan abinci 30, wannan kuɗi ne aka zuba a rijiya. Abin da gwajin jinin yake nunawa kawai shi ne abincin da yaron ya saba ci.

In iyaye sun ƙi ji sai sun gwada, to a yi gwajin yadda zai faɗi gaskiya. A auna nauyin yaro da tsawonsa a rubuta. A zaɓi abu biyu da ake iya ƙirgawa, misali sau nawa ya farka da dare, sau nawa ya buga kansa a rana, kada a ce "natsuwa", don natsuwa ba ta ƙirguwa. A yi sati 2 ana rubutawa kafin a taɓa komai. Sannan a cire abu ɗaya tak, alkama ko madara, ba duka ba, kuma kada a fara sabon magani ko sabuwar makaranta a lokacin. In madara aka cire, a nemo madadin kalsiyam tun ranar farko: miyar kuka mai kauri, zogale, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, ko ƙwayar kalsiyam da likita ya auna. Bayan sati 4 zuwa 6 sai a dawo da abincin ba tare da malamar makaranta ko wanda ke rubutun ya sani ba. In lissafin bai motsa ba, magana ta ƙare, a mayar wa yaro abincinsa. In nauyi ya fara sauka, ba a jira sati 6 ɗin. Inda ake kuskure shi ne a fara abu biyar rana ɗaya, yaro ya ƙara wata shida a duniya ya koyi kalma uku kamar yadda da ma zai koya, sai a ba garin magani lada.

Wannan ruɗin ma ya taɓa cin manyan likitoci. A 1998 aka ba da rahoton yara 3 a Amurka da suka fara magana bayan an yi musu allurar sikiritin, wani sinadari da ake amfani da shi wajen gwajin hanji. Iyaye suka yi ca, farashi ya tashi. Aka yi gwaji fiye da 12 a kan ɗaruruwan yara, sai ga shi waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri sun "samu sauƙi" daidai da waɗanda aka yi wa ta gaske. Ina tuna wannan duk lokacin da sabon suna ya fito. Na bayan nan shi ne lukoborin, wani nau'in bitamin folet da gwamnatin Amurka ta ɗaga a Satumban 2025. Yana da amfani ga 'yan tsirarun yaran da aka tabbatar ƙwaƙwalwarsu na da ƙarancin folet. Ga sauran, gwaje-gwajen ƙanana ne, fitacce a cikinsu yara 48 ne kawai. Wataƙila wani abu ya fito, amma bai kai a sayar da akuya ba tukuna. Haka dashen ƙwayoyin halitta da ake kwasar yara zuwa Indiya dominsa: gwajin Jami'ar Duke na 2020 a kan yara 180 bai nuna bambanci ba a abin da aka sa gaba a auna.

Nonon raƙumi abinci ne mai kyau, Buzaye sun rayu a kansa tun kaka da kakanni. Amma shi ma da kasin a cikinsa, don haka mai hana kasin yana tallar nonon raƙumi yana tufka yana warwara. Kuma ana cewa sai ɗanye yake aiki, alhali ɗanyen nono shi ke ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi na watanni, a yaron da ba zai iya nuna inda ke masa ciwo ba. A tafasa shi, a ba shi a matsayin nono.

Waɗannan asara ce ta kuɗi. Akwai waɗanda asarar rai ce. Na farko shi ne "cire guba daga jini". Tushensa zargin cewa sinadarin makyuri na cikin allurar rigakafi ke jawo galahanga, zargin da ya rushe: an cire sinadarin daga alluran yara a Amurka tun wajajen 2001 kuma adadin masu lalurar bai ragu ba, binciken wani likitan Ingila mai suna Wakefield na 1998 kan allurar ƙyanda an janye shi a 2010 an kuma ƙwace lasisinsa, sannan Denmak ta bi yara sama da 650,000 ba ta ga alaƙa ba. Mu da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna na 2003 ya haifar bai kamata mu sake sayen wannan haja ba. Maganin cire ƙarafa daga jini magani ne na gaske, shi Likitocin Na-gari Na-kowa suka yi amfani da shi a Zamfara daga 2010, lokacin da gubar dalma ta wurin haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amma a can sai an auna jini an ga dalma ta kai wani mizani, kusan maikirogiram 45 a kowace desilita, kuma ana bin jinin da gwaji. Maganin ba ya tantancewa, yana kwashe kalsiyam da zinki tare da gubar, yana taɓa hanta da ƙoda. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga ya mutu a wani ɗakin likita a Pensilbeniya, domin ruwan da aka ɗura masa ya zuƙe kalsiyam ɗin jininsa zuciyarsa ta tsaya. Dabarar 'yan kasuwa ita ce su ba yaro maganin tukuna sannan su auna fitsari. Kowane ɗan Adam aka yi wa haka zai fitar da ƙarafa, sai a nuna wa uwa takarda a ce ga guba.

Abin da ya dace shi ne akasin haka. Yaro mai galahanga da ke cin ƙasa, ko ɓawon fenti, ko tsotsar duk abin da ya samu, ko wanda ake rangaɗa wa kwalli na dutse, wanda galibinsa dalma ce, a auna dalmar jininsa a asibiti. In ta hau, a raba shi da tushenta kafin komai.

Na biyu shi ne ruwan da ake kira MMS, wanda in an haɗa shi da ruwan lemon tsami yake zama sinadarin bilicin. Ana ɗiga wa yaro a baki ko a ɗura masa ta dubura, ya yi amai da zawo, a ce guba ce ke fita. Dogayen zaren da ake ɗauka a hoto ana cewa tsutsotsi ne, fatar hanjin yaron ce ta saɓule. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010, ta maimaita a 2019. Ko bitamin ma ba ruwa ba ne. B6 mai yawa na lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. D mai yawa na ɗaga kalsiyam har ƙoda ta sha wuya. Bitamin A kuma taruwa yake a hanta, kuma yaranmu 'yan wata 12 zuwa 59 suna karɓar ɗigo mai ƙarfin 200,000 duk wata 6 a makon lafiyar uwa da yaro, don haka a lissafa da shi kafin a ƙara wani.

To ina ya kamata kuɗin da ƙarfin su tafi? Ni a ganina bayan gida za a fara dubawa. Yara masu galahanga sun fi sauran yara fama da matsalar ciki kusan ninki 4, kuma taurin bahaya ne kan gaba. Yaron da ba ya magana ba zai ce cikina ba. Za a gan shi yana danna cikinsa a hannun kujera, yana tsayawa a kan yatsu ya matse ƙafafu ya yi ja, yana ƙin abinci da yamma, yana cizon hannunsa, yana farkawa da ihu cikin dare. Wandonsa kullum da ɗan ruwan kashi, sai uwa ta ce zawo ne ta sayo maganin tsayar da zawo, alhali dunƙule ne mai tauri ya toshe hanya, ruwa ke bi ta gefensa. Gyaran mataki biyu ne. Da farko a fitar da dunƙulen, galibi da garin makrogol, kimanin giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, kwana 3 zuwa 6, bisa lissafin likita. Sannan a ci gaba da kusan rabin wannan ko ƙasa da haka, ko laktulos in shi ake samu, na watanni, tare da ruwa, gwanda, kuɓewa, wake, da zama a fo na minti 5 bayan cin abinci. Inda ake faɗuwa shi ne a daina magani ranar da yaro ya yi bahaya mai laushi. Hanjin da ya saki bai koma daidai ba, sati biyu sai a koma gidan jiya. Da haƙori mai rami, da kunne mai ruwa, da tsutsar ciki, da ƙaiƙayi, duk a duba su kafin a ce halinsa ne. A auna jinsa ma, don ba kowane yaro da ba ya amsa kira ke da galahanga ba.

Sai zaɓen abinci. Ba shagwaɓa ba ce. Yauƙin miya, gudajin tuwo, warin daddawa, ko canjin ledar biskit na iya zama masa abin tsoro na gaske, kuma karin maganar nan ta cewa yunwa za ta koya masa ba ta aiki a kansa, akwai waɗanda za su kwana biyu ba su ci ba. Ɗura kuwa, a matse yaro tsakanin cinyoyi a toshe hanci a zuba kunu, tana iya kai kunun huhu, kuma tana koya masa cewa kwano abokin gaba ne. Abin da ke aiki a hankali yake tafiya: lokacin ci tsayayye, sau 3 da ɗan taɓawa sau 2, ba a barinsa da gorar madara ko lemo yini guda. A ajiye sabon abu ƙwaya ɗaya, kamar girman wake, kusa da abin da ya saba, ba a ce ya ci ba. Ya kalla, ya taɓa, ya sansana, ya lasa, kowanne ci gaba ne, kuma yakan ɗauki sau 10 zuwa 15 ko fiye. A tashi daga abin da yake so zuwa makwabcinsa: mai son soyayyen dankalin Turawa a kai shi dankalin Hausa soyayye, daga nan ƙosai, daga nan ƙwai. Kada a ɓoye magani a cikin abincin da ya amince da shi, in ya gano zai bar abincin gaba ɗaya, kuma wataƙila shi ne na ƙarshe.

Yaron da ya shekara a kan biskit da shayi a duba shi da idon neman rashi. Dasashi mai kumburi da jini da ƙin taka ƙafa rashin bitamin C ne. Laluben bango da magariba dundumi ne. Farin tafin hannu da cin ƙasa ƙarancin jini ne, wanda ake magancewa da kimanin miligiram 3 na sinadarin ayon ga kowane kilo a rana tsawon wata 3, bayan an duba sikila da zazzaɓin cizon sauro, kuma ba a haɗa shi da shayi don shayi na hana jiki zuƙarsa. Wannan shi ne wurin bitamin: cike gurbin da aka gani. Ƙwaya ɗaya ta yara mai adadin yau da kullum ta wadatar wa mai tsananin zaɓe.

Barci ma akwai abin yi. Melatonin na cikin 'yan abubuwan da gwaji ya goyi baya, miligiram 1 zuwa 3 rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kwanciya, bayan an ɗauke waya da talabijin an tsayar da lokacin kwanciya. Sai dai a kula da inda aka saya, domin wani bincike a Kanada a 2017 ya tarar da abin da ke cikin kwalabe ya kama daga ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta har kusan ninki shida. Farfaɗiya kuma ta fi yawa a waɗannan yara, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa ba, wani lokaci ƙura ido ne na 'yan daƙiƙu. Ita maganin asibiti take so. Risferidon, da aka amince da shi a Amurka a 2006, yana rage duka da cutar da kai in sun yi tsanani, amma ba ya koya magana, yana sa ƙiba da barci, kuma bai kamata mai kemis ya miƙa shi don yaro ya yi shiru ba.

Ban wanke asibitocinmu ba. Uwa ta yi sammako ta bi layi a babban asibiti a Kano ko Kaduna ko Maiduguri, a ba ta minti biyar, a faɗa mata suna, a ce babu magani, ta fito. Mai garin magani kuwa zai ba ta awa guda a waya, ya tambayi sunan yaron, ya kira ta bayan kwana uku. Kalmar "babu magani" ita ke kai masa kasuwa, kuma ba gaskiya ba ce cikakkiya, tunda ga jerin abubuwan da ake magancewa. Masu koyar da magana ba su da yawa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin horar da iyaye da aka yi shi don wuraren da babu ƙwararru, wanda ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya koyarwa: yadda za a shiga wasan yaro, a jira shi ya nema kafin a miƙa, a yi amfani da hoto da nuni. Ma'aikatun lafiya na jihohi su mayar da shi Hausa su kai shi ƙananan asibitoci. NAFDAC kuma ta san lambar da take bai wa kayan ƙarin abinci ba shaidar waraka ba ce, don haka duk kwalbar da ke ɗauke da lambarta ana tallarta a rediyo da sunan maganin galahanga, hukumar na da hurumin janye lambar, kuma gidan rediyon da ya karɓi kuɗin tallar ya kamata a tambaye shi.